Kafofin Iskar da Aka Toshe Mini da Siminti

Zuwa ga:
Mai Girma Kumandan na Ƙasar Damagaram,
Zinder.

Daga:
Tanimu ɗan Zakari, shofer,
Unguwar Birni, Zinder.

Litinin, 17 ga Afrilu, 1961.

Game da: Kafofin iska na rufin gidana da aka toshe da siminti, da jaririn da ke kwance a ƙarƙashinsu.

Ranku ya daɗe,

Ina miƙa gaisuwa ta ladabi da girmamawa, da fatan takardar nan ta same ku lafiya, ku da iyali da duk masu aiki a ƙarƙashinku. Allah ya taya ku riƙon ƙasa.

Ni ne Tanimu ɗan Zakari, haifaffen Birni, shofer na kamiyo, babbar motar kaya, a hanyar Zinder zuwa Kano. Shekara ashirin da ɗoriya ina tuƙi, ban taɓa tsayawa gaban hukuma a kan wani laifi ba, ban kuma taɓa kai ƙarar kowa ba. Ni ba ma'abocin alƙalami ba ne, ɗan bokon da na iya a bakin aiki na tsince shi. Idan kuka ga layi ya karkace ku yi mini uzuri, a tsaye nake rubutun nan, zama ya gagare ni. Abin da ya kawo ni ƙofarku ba shi da tsawo: akwai jariri a gidana, jikana, bai daɗe da zuwa duniya ba, yana kwance cikin ɗakin da iska ba ta shiga ba ta fita, kuma an ce hannunku ne zai iya buɗe masa. Ga yadda abin ya faru, bi da bi.

1. Daminar 1958 ta kayar mini da soron da na gada wurin mahaifina. Da na tashi sake gini, sai na jera ɗakuna uku na rufe su da tol, kwanon nan da ake yayi yanzu. Ɗan Azumi magini ya yi mini rufin ciki na azara da zana a ƙarƙashin tol ɗin, ya bar sarari tsakaninsu wanda bai wuce kamu ɗaya da rabi ba. A can sama cikin sararin nan ya bar kafofi uku a bangon gabas, uku a bangon yamma, kowace daidai a zura hannu. Iska ta shigo ta wannan gefe ta fita ta wancan, ta kwashe zafin da kwano ya tara. A kusurwar kowane ɗaki kuma ya bar ƴar kafa a jikin zanar, domin hayaƙi ya hau ya bi iska. Bazara biyu muka yi a ƙarƙashin rufin nan. Ba zan ce muku sanyin randa gare shi ba, amma mutum yana yin ƙailula ya tashi rigarsa a bushe.

2. Bangon gabas shi ne iyakata da Mala Modu, malami, dattijo mai shekara saba'in, asalin kakanninsa Barno. Bara ɗansa Usman ya auri ƴata Tani. Kafin auren nan tabarma ɗaya muke zama da yamma, in tsokane shi a kan dogon wuridinsa, ya rama a kan baƙin man mota da ba ya fita daga farcena. Tun ranar da aka shafa fatiha muka shiga jin nauyin juna. Yanzu sai gaisuwa a ƙofar masallaci, doguwa, kowa idonsa a ƙasa, a rabu ba a ce komai ba. Ku ɗan ƙasa ne, ba sai na tsaya ina yi muku bayanin surukuta ba, kamar yadda da sai an yi wa waɗanda suka riga ku zama a kujerar nan.

3. Cikin watan Janairu na bana, matan gidan Mala Modu suna daka a tsakar gida, sai ɗaya ta ɗaga kai ta ga idanu biyu suna kallonta daga kafar bangona. Ta yar da taɓarya ta ƙwala ihu. Mage ce, ranku ya daɗe. Magen gidana ce ta hau can ta haihu. Babu ɗan Adam da zai shiga sararin nan ko da jan ciki, balle ni da ko kujerar kamiyo sai na yi dabara nake shiga. Da Mala Modu ya aiko mini cewa ga abin da aka gani, da a ranar magana ta ƙare da dariya. Amma ya ji nauyin ya dubi surukinsa ya ce ana leƙen matansa daga gidansa, sai ya je ya gaya wa mai unguwa a keɓe. Mai unguwa shi ma ya ji nauyin shiga tsakanin surukai, sai ya kai maganar biro, wato ofishin da ke duba gine-ginen gari. Haka kunya ta yi ta miƙa maganar nan daga hannu zuwa hannu har ta faɗa hannun wanda ba ya jin kunyar kowa. Duk wannan ina Kano ana yi mini lodi, ban san wainar da ake toyawa ba.

Ina so wannan ya fito fili a nan: ba ƙarar Mala Modu na kawo ba. Mutum ya kare mutuncin iyalinsa, ban ga laifinsa ba.

4. Ranar Litinin 6 ga Fabrairu, wani ma'aikacin biron, Mushe Mutari, ya zo da lebura biyu, gardin hukuma ɗaya mai kaki da buhun siminti. Ba na gari. Matata Larai ta yi masa magana ta bayan ƙyaure, ta gaya masa mage ce, ta roƙe shi ya hau ya duba da idonsa. Aka kawo masa tsani. Ya dubi tsanin, ya dubi farin wandonsa, ya ce abin da aka rubuta masa ya ishe shi. Suka shiga gidan Mala Modu suka toshe kafofin gabas. Wato domin a hana leƙe, ƙarti huɗu suka wuni a tsakar gidan malamin, matansa a kulle cikin ɗaki, tuwon rana bai ɗoru ba. Da suka gama can, sai Mushe Mutari ya zagayo ya sa aka toshe na yamma, waɗanda ba su kallon komai sai lungu da jakunan masu kanwa, wai tun da an riga an kwaɓa siminti kada ya bushe a banza. Ya sa lebura ya zana lamba da ƙusa a jikin ɗanyen simintin, ya bar wa Larai saƙo cewa wannan hatimin hukuma ne, duk wanda ya fasa shi gidan kaso zai kwana.

5. Magen ta tsere da ta ji motsin lebura. Ƴaƴanta ba su tsere ba. Da na dawo daga tafiya na tarar da ita tana zagaya gindin bango tana kuka, gidan kuma ba ya shiguwa don wari. Sai da na farke zana na fito da su a busasshe, na sake ɗinke wurin. Ban kawo zancen nan don in ɓata muku lokaci da maganar mage ba, sai don ku san abin da sararin nan yake yi wa ƙaramin rai tun da aka toshe shi, kuma a lokacin ma zafi bai kankama ba.

6. Ranar 6 ga Maris, da azumi a bakina, na je biro. Aka ce Mushe ya fita. Na koma, aka ce yana ciki amma yana aiki. Na yi ta sintiri har mai tsaron ƙofa ya daina tambayata sunana. Ranar da na samu ganinsa, bai musa mini komai ba. Ya ce ya san rufin tol yana son iska, nasa gidan ma da kafofi. Amma wai magana idan ta riga ta samu lamba, hanya biyu ce kawai ake warware ta: ko mai ƙara ya zo da ƙafarsa, gaban mai unguwa da shaidu, ya faɗa da bakinsa cewa ƙarar da ya kawo ba ta da tushe, ko kuwa Kumandan ya sa hannu. Na ce to a kai wa Kumandan. Ya ce takardun da ake rubuta irin wannan a kansu na mulkin da ya wuce ne, ba a amfani da su yanzu, sababbi masu sunan Jamhuriya kuwa ba su iso daga Yamai ba, in yi haƙuri. Na sake komawa ranar 11 ga wannan wata, amsar ba ta canza ba.

Ranku ya daɗe, bara ranar da aka ɗaga tutarmu, ni na kwaso mutanen Dogo da Gaffati a bayan kamiyona suka zo kallo, na yi ta murna har muryata ta dishe. Ban san cewa iskar ɗakina ma sai ta jira takarda daga Yamai ba. Na faɗi wannan cikin ladabi, amma raina a ɓace yake, ba zan ɓoye muku ba.

7. Yanzu na zo kan abin da ya hana ni zama. Tani ta zo gida goyon ciki bayan ƙaramar salla, domin haihuwar fari ce, mijinta kuma yana can gabas wajen fatauci. Ranar Lahadi 2 ga Afrilu Allah ya sauke ta lafiya, namiji. Aka raɗa masa sunan kakansa na wajen uba, Modu, mata na kiransa Baba Gana yadda Barebari ke yi. Tana ɗakin gabas, wanda ke jingine da gidan Mala Modu, nan uwarta ta gina mata gadon ƙasa. Safe da yamma wankan jego, bayan wanka kuma a zuba garwashi a ƙarƙashin gado ta kwanta, kamar yadda aka yi wa uwarta, aka yi wa kakarta. A da hayaƙin yakan hau ta ƴar kafar kusurwa ya bi iska ya tafi. Yanzu ya hau, ya rasa hanya, ya dawo ya zauna musu a ka.

Ina roƙonku ku tuna watan da muke ciki. Daga hantsi tol ya fara ɗaukar rana, zafin ya taru tsakaninsa da zana ba inda za shi, sai ƙasa. Kafin azahar, idan mutum ya miƙa hannu sama kamar ya kusanci murhu. Wuta a ƙasa, wuta a sama, yaro a tsakiya. Man shanun da ake shafa masa ya zama ruwa a cikin ƙoƙo. Kyandir ɗin da na ajiye a kan taga ya lanƙwashe shi kaɗai ba wanda ya kunna shi. Ni da na saba da zaman kusa da injin a hanyar Matameye, ba na iya daɗewa a ɗakin nan, ina shiga zan fito.

Jikin yaron duk ya feso da ƙuraje, wuya da baya da matsematsi. Tun kwana biyu bayan suna ya fara tari, yanzu in yana numfashi sai ka ji kamar ana busa ƙaramin usur a ƙirjinsa. Ya kama nono ya saki, ya kama ya saki. Kukan ma ya rage, wannan ne ya fi tsorata ni. Ranar Juma'ar da ta wuce na ɗauko lokotoro ya zo ya duba shi, ya ba da magani, ya tsaya a bakin ƙofa yana share gumi, ya ce maganin ba zai yi aiki ba muddin yaron yana shaƙar abin da ke cikin ɗakin nan. Ya ce a nema masa iska, kuma kada a ja lokaci.

8. Na san za ku ce me ya hana ni yin dabara a cikin gidana. Babu wadda ban gwada ba. Na ce a daina zuba garwashi, Larai da ungozoma suka taso mini, suka ce in sanyi ya kama mai jego ya kumbura ta, ni zan amsa gaban Allah. Da ƙyar na samu aka rage. Na ce a fito da su tsakar gida ƙarƙashin rumfa, aka ce ba a taɓa shanya ɗanyen jiki da ɗanyen goyo a sarari ba, ga iska, ga idon mutane. Abin da aka yarda shi ne kakarsa ta fito da shi bakin ƙofa ta ɗan jijjiga shi ta mayar. Sauran ɗakuna biyun rufinsu ɗaya ne, zafinsu ɗaya. Zaure kuwa hanyar maza ce. Na yi tunanin in fasa sabuwar taga a bangon ɗakin, Mushe Mutari ya ce gidan da ke da lamba a kansa ba a taɓa bangonsa sai an warware lambar. Na yi tunanin in mayar da Tani ɗakin mijinta kafin arba'in, sai na tuna gari zai ce Tanimu ya koro ƴarsa da ɗanyen jego, ko kuwa a ce ƙarar Mala Modu ce ta kore ta. Kowanne aka faɗa, auren yarinyar ne zai sha.

Ban da sa hannunku, saura hanya ɗaya, wato in je in tsaya gaban Mala Modu in ce ya tafi biro, gaban mai unguwa da shaidu, ya ƙaryata kansa. Malamin da rabin unguwa suka yi karatu a zaurensa. In ce masa ƙarar da ya kai ce take shaƙe mai sunansa. Wallahi bakina ba zai iya ba, ko ya iya, ba za mu ƙara haɗa ido ba har kabari, ƴata kuma a gidansa za ta zauna.

Ita Tani kuwa kara take yi. Ɗan fari ne, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, in aka tambaye ta jikinsa sai ta sunkuyar da kai kamar ba da ita ake ba. Shekaranjiya da azahar na zo wucewa ta ƙofar ɗakin, labule ya ɗan ɗage, na hango ta durƙushe a kansa tana yi masa fifita da faifai da hannu bibbiyu, gumi da hawaye sun haɗe mata a fuska. Tana jin takuna ta yar da faifan ta juya fuska ga bango. Na wuce kamar ban gani ba, na fita lungu na yi ta kai da kawo har la'asar. Ranku ya daɗe, ina jin tsoro. Ina tsoron in wayi gari in ga an fito da yaron nan a cikin ƙyalle, alhali abin da ke tsakaninsa da iska bai fi kaurin tafin hannu na siminti ba.

9. Bango ɗaya ne tsakanin gadon yaron da tsakar gidan Mala Modu, tarin nan kuwa bango ba ya tare shi. Jiya Lahadi da safe na ɗaga kai na ga kan tsani ya leƙo ta saman katanga daga gefensu, an jingina shi daidai ƙarƙashin kafofin gabas. Ba wanda ya aiko mini da saƙo. Da hantsi Ya Falmata, uwargidan malam, ta shigo duba jariri, ta daɗe tana kallonsa. Da za ta fita, ba tare da an tambaye ta ba, ta gaya wa Larai cewa ranar Alhamis duk matan gidansu za su tafi Mirriya gaishe da dangi, ba za su dawo ba sai yamma, ƙofar zaure kuma a buɗe za a bar ta. Ta ƙara da cewa shi malam ba zai je ba, wai gwiwa ta matsa masa, yana gida. Da na fita sallar azahar muka haɗu da shi a ƙofar masallaci, muka yi gaisuwarmu doguwa, kowa idonsa a ƙasa. Ya riƙe hannuna fiye da yadda ya saba, sannan ya saki ya shiga. Ni na ji abin da hannun nan ya faɗa.

Saboda abubuwan da na zayyana a sama, ina roƙon Mai Girma Kumandan, cikin ƙasƙantar da kai, abubuwa kamar haka:

Na farko, ku sa hannu a ba ni izinin buɗe kafofin nan kafin ranar Alhamis 20 ga wannan wata. Idan sababbin takardu ba su iso ba, bayan wannan takardar tawa fari ne, ya isa a rubuta layi biyu.

Na biyu, idan sai an sake dubawa, a aiko wanda zai yarda ya hau tsani. Ni kuma na ɗauki alkawarin zan sa Ɗan Azumi ya gyara kafofin gabas su karkata su kalli sama, yadda ko mage ba za ta ga tsakar gidan kowa ba, a kuma sa musu waya.

Na uku, ina roƙo da babbar murya kada a kira Mala Modu biro, kada a karanta masa takardar nan, kada a tambaye shi komai. In izini ya fito, a ce daga sama ya zo.

Na huɗu, ban saba yi wa hukuma ɓoye-ɓoye ba, shi ya sa nake sanar da ku tun yanzu. Lodin gyaɗa yana jirana tun makon jiya, na ce a nemi wani shofer, ba inda za ni. Idan Alhamis ta zo izini bai zo ba, da hantsi zan ɗauki guduma da kurfi in fara da kafofin lungu, sannan in shiga zauren da aka bar mini a buɗe in hau tsanin da aka jingina mini. Ba raini ba ne, ba kuma tawaye ba ne, na dai kasa jira. Idan an turo gardi, ba za su sha wahalar nemana ba, ba zan gudu ba, tabarmata da butata suna nan a ɗaure a zaure. Abin da nake roƙo kawai su bari in gama ta shidan kafin su sauko da ni. Wanda za su tarar a kan tsani da guduma, ni ne Tanimu, ni kaɗai na fasa hatimin hukuma, ni kaɗai za a rubuta. Tsohon da za su gani a ƙasa yana riƙe da ƙafar tsanin, ina roƙon a ce ba a gan shi ba.

Ina jiran amsarku a ƙofar gidana, da fatan za ku dubi wannan kuka da idon rahama. Allah ya ƙara muku lafiya da tsawon kwana, ya sa ku gama da kujerar nan lafiya, ya raya naku ƴaƴan da jikokin.

Ni ne mai biyayya gare ku,

Tanimu ɗan Zakari,
Shofer, Unguwar Birni, Zinder.